Yadda zaka koyi tsaron tasha ta farko a besbol ta hanyar kallon John Olerud

Duk wanda ya fara kallon besbol idonsa kan mai jifa yake fara sauka, ko kan wanda ya riƙe kulki yana jiran ƙwallo, sai kuma masu tsaron tsakiyar fili da suke ta shawagi suna faɗuwa ƙasa suna tashi. Mutumin nan dake tsaye a tasha ta farko da ƙatuwar safa a hannu kuwa ba mai bi ta kansa, wai ai aikinsa kawai ya tsaya a jefo masa ya cafe. Wallahi ba haka abin yake ba, kuma ni abin yana damuna sosai, saboda wannan raini shi ya sa ɗan wasa irin John Olerud ya yi shekara 17 yana aiki mai tsafta a babbar gasar Amurka ya gama ya tafi gida, yau in ka ambaci sunansa abin da mutane da yawa zasu tuna shi ne hular kwano da yake sawa a fili, shikenan. Don haka in kana son koyon wannan matsayi, ko kana son ka iya gane gwani in ka gan shi, zo mu bi ta kan wasan wannan bawan Allah.

Ga wanda bai saba da wasan ba, tashoshi huɗu ne a fili: gida inda ake bugu, sai ta farko, ta biyu da ta uku, tsakanin kowace da mai bi mata ƙafa 90 ne, wajen mita 27 kenan. In mai bugu ya daki ƙwallo ta gangara a ƙasa, sai ya jefar da kulki ya sheƙa zuwa tasha ta farko, masu tsaro su kuma su ɗauke ta su wurga wa mai tsaron tashar. In ƙwallo ta shiga safarsa, ƙafarsa tana kan tasha, kafin mai gudu ya taka, to an fitar da shi. Duk wannan cikin daƙiƙa huɗu da ɗan abu ake yinsa. A wasa mai zango 9 sai ka fitar da mutum 27, kuma kaso mai tsoka daga ciki a hannun mai tsaron tasha ta farko ake ƙarasa su. Kaga kenan duk gwanintar da sauran suka yi, in shi ya saki ƙwallon ta zama banza.

Olerud ɗan Seattle ne a jihar Washington, an haife shi 5 ga Agusta 1968, dogo ne mai ƙafa 6 da inci 5, bahago a jifa bahago a bugu. A jami'ar jihar Washington abu biyu yake yi, yana jifa yana bugu, kuma a kakar 1988 ya yi abin da har yau ake maganarsa: a jifa ya ci wasa 15 ba'a doke shi ko sau ɗaya ba, a bugu kuma ya yi .464 da bugun tsallake katanga 23, wato bugun da ƙwallo take ƙetare katangar bayan fili mai bugu ya zagaye tashoshi ya dawo gida ya ci maki. Wannan lamba .464 ma'anarta cikin kowane zuwa bugu 1000 ya samu shiga tasha da bugunsa sau 464, to ka riƙe wannan don zamu yi ta haɗuwa da irinta. A farkon 1989 ya yanke jiki ya faɗi wajen atisaye, aka gano wata jijiyar jini ce ta kumbura a ƙwaƙwalwarsa, aka yi masa tiyata a kai. Daga nan ne ya fara sa hular kwano ko yana tsaro, inda kowa yake sa hular yadi. A shekarar dai Toronto Blue Jays ta Kanada ta ɗauke shi, kuma kai tsaye aka kai shi babbar gasa a watan Satumba, bai bi ta ƙananan rukunoni ba kamar yadda kusan kowa yake yi. Mutum ya tashi daga gadon tiyata a farkon shekara, ƙarshenta yana fuskantar manyan masu jifa na duniya.

Ƙafa kafin hannu

Kuskuren da kusan duk sabon shiga yake yi shi ne da zarar ya iso tasha sai ya dasa ƙafa ɗaya a kai, ya miƙe ɗayar gaba iya tsawonta, ya shimfiɗa safa yana jira, alhali ba'a ma saki ƙwallon ba tukuna. To in jifan ya karkace hagu ko dama fa? Ka riga ka ƙulle kanka, bazaka iya motsi ba, sai dai ka bi ta da ido. Abin da zaka yi shi ne, da ka ga ƙwallo ta nufi wani mai tsaro ba kai ba, ka ruga tasha da wuri, kar ka tsaya kallon yadda zai kama, ka je ka samu tashar da ƙafa tukuna, sannan ka juyo ƙirjinka ya fuskanci wanda zai jefo, gwiwa a ɗan lanƙwashe, dugaduganka biyu suna daf da gefen tashar, safa a gaban ƙirji don ya ga inda zai auna. Sai ka jira. Jiran nan shi ne rabin aikin. Sai ƙwallo ta bar hannunsa ka ga hanyar da ta ɗauko sannan zaka taka, kuma takun ya bi layin ƙwallon, in ta yi dama ka taka dama in ta yi hagu ka taka hagu.

Ƙafar da take gefen hannun jifanka ita ce mai zama a kan tasha, ta gefen safa ita ce mai fita. Olerud da yake bahago ne safarsa tana hannun dama, don haka ƙafar hagu yake bari a tasha ya taka da ta dama. In kai badame ne sai ka juya lissafin. Kuma don Allah kar ka ɗora ƙafa a tsakiyar tasha, gefen da yake kallon cikin fili zaka dangana da tafin gaban ƙafarka, ka bar wa mai gudu sauran. Ƙato ne yake tahowa da iya gudunsa da takalmi mai ƙusoshi, in ya sauka kan idon sawunka kakar wasa ta ƙare maka. Tun 2023 an ƙara girman tashoshin a babbar gasa daga inci 15 zuwa 18, ɗaya daga cikin dalilan kenan, a rage irin wannan karo.

In ka samu tsofaffin bidiyoyin Olerud, ka daina kallon hannunsa na ɗan lokaci ka kalli ƙasa. Zaka ga baya gaggawa ko kaɗan, yana isowa, yana juyowa, sai ya yi kamar ya daskare na ƙiftawar ido, sannan doguwar ƙafar nan ta fita sau ɗaya tak, ba gyara ba sake taku. Mutum ne da ba shi da gudu, duk tsawon rayuwarsa ta wasa tasha 11 kawai ya sata, wato ya sheƙa tasha ta gaba lokacin da mai jifa yake jefa wa mai bugu, amma a ɗan wurin nan da bai fi taku uku ba ƙafarsa bata ɓata.

Ƙwallon da ta daki ƙasa kafin ta iso

Nan ne ake gane waye waye. Mai tsaron tasha ta uku ya yi nitso ya tare ƙwallo, ya tashi a birkice ya wurgo daga can nesa ba tare da ya daidaita ba, to sau da yawa jifan bazai iso ba, zai daki ƙasa a gabanka. Iri uku ne. Akwai wadda zata daki ƙasa can nesa ta yi tsalle mai tsawo, wannan mai sauƙi ce, kana ganinta sarai, ka tsaya ka karɓe ta. Akwai wadda zata daki ƙasa daf da safarka, ita ma ba ita ce matsala ba in ka iya. Muguwar ita ce ta tsakiya, wadda zata faɗi kamar taku biyu ko uku a gabanka ta taso tana kan hawa ta nufi gwiwa ko ƙugu. Dabarar ita ce kar ka yarda ta same ka a haka, ko dai ka miƙa sosai ka je ka tare ta tun tana taɓa ƙasa, ko ka ɗan ja baya ka ba ta wuri ta gama tsallenta. Wannan shawara cikin ƙasa da rabin daƙiƙa zaka yanke ta, shi yasa na ce maka kar ka miƙe da wuri.

Wajen ɗebo ta daga ƙasa kuwa, safa daga ƙasa take farawa ta taso sama, ba daga sama ta sauko ba. Ka saukar da duwawu, kanka ya yi ƙasa kusa da layin ƙwallon, bakin safar ya taɓa turɓaya a buɗe, sai ka tura ta gaba kaɗan ta ratsa inda ƙwallon zata taso, kamar mai kwasar abu da cebur amma a hankali. Hannu ya zama mai laushi. In ka sanƙarar da wuyan hannu ƙwallon zata daki safar ta yi waje. Sannan ido, wannan shi ne mai wahala, jikinka da kansa zai so ya kawar da fuska ya runtse ido saboda ƙwallon besbol tauri gare ta kuma tana zuwa da zafi, to sai ka horar da kanka ka bi ta da ido har cikin safa. Safar wannan matsayi ma daban take da ta sauran, ta fi tsawo, bata da yatsu a rarrabe, bakinta a zagaye don dai wannan kwasar.

Atisayen da nake ganin ya fi amfani ba shi da wani kayan aiki. Ka durƙusa kan gwiwoyinka, abokinka ya tsaya taku goma daga gare ka, ya riƙa buga maka ƙwallo a ƙasa daf da kai. Ku fara da ƙwallon tanis ba safa, hannu tsirara, don tsoro ya fita kuma yatsu su koyi laushi, ashirin ta gaba, ashirin ta gefen safa, ashirin ta bayan hannu. Ta bayan hannun zata fi ba ka wuya a farko amma in ta zauna sai ka ga ma ta fi daɗi. Bayan nan ka sa safa, ku koma ƙwallon gaske, sannan ka miƙe tsaye ka haɗa da aikin ƙafa, shi kuma ya ƙara nisa ya daina faɗa maka inda zai jefo. In ba ka da aboki bango ma ya isa. Minti goma kullum ya fi awa biyu sau ɗaya a sati.

Ka duba abin da ya faru a New York Mets a 1999. Olerud a ta farko, Edgardo Alfonzo a ta biyu, Rey Ordóñez a tsakiya, wato tsakanin ta biyu da ta uku, Robin Ventura a ta uku. Su huɗun nan duk kakar kuskure 27 kawai aka rubuta musu gaba ɗaya, Ordóñez 4, Alfonzo 5, Ventura 9, shi Olerud 9, har mujallar Sports Illustrated ta sa su a bangonta tana tambayar ko su ne mafi iya tsaron cikin fili da aka taɓa yi. Abin da nake so ka lura shi ne, in jifa ya daki ƙasa mai tsaron tasha ta farko ya kasa ɗebowa, yawanci wanda ya jefo ake rubuta wa kuskuren. In ya ɗebo kuwa ba'a rubuta komai, an fitar da mutum kawai an wuce. Wato duk ceton da Olerud ya yi a takardar wasu ya fito, lambobin su Ventura ne suka yi kyau. Kuma mai tsaron da ya san akwai dogon mutum mai hannu mai laushi yana jiransa a can, baya tsoron sakin ƙwallo da wuri.

Wani abu kuma, ka san lokacin da zaka rabu da tasha. Wasu sai su maƙale ƙafa a kai ko da jifan ya yi nisa, ƙwallo ta wuce, mai gudu ya ƙara tasha ɗaya ko biyu a ɓagas. Ƙwallo ce farko, tasha daga baya. In ta yi sama ka yi tsalle ka kama ka sauko ka laluɓi tashar. In ta karkata ta gefen gida, wato hanyar da mai gudu yake tahowa, ka sauka daga tasha ka kama ka shafe shi da safa yana wucewa, amma ka bar hannunka ya bi shi ya juya da kai, kar ka tokare, nan ne ake karya wuyan hannu da gwiwar hannu. In kuma ka ga ba dama ko ta yaya, to ka tare ta da jiki kawai kar ta wuce bayanka.

Sauran ayyukan da ba'a cika nunawa ba

In ƙwallo ta gangaro ta gefenka ka bar tasha ka je ka ɗauka, mai jifa ne zai rugo ya tsaya maka. Kar ka wurga masa da ƙarfi ta sama, mutum ne yana gudu yana neman tasha da ƙafa a lokaci guda. Ka ciro ƙwallon daga safa da wuri ya gan ta a hannunka, ka bi shi da taku ɗaya ko biyu, ka miƙa masa ta ƙasa a saitin ƙirji, a gabansa kaɗan, ta same shi saura taku biyu ya isa don ya samu damar sunkuyar da kai ya ga inda zai taka. In kuma kana kusa zaka riga mai gudu, ɗaga masa hannu ya tsaya ka taka da kanka, duk jifan da za'a iya kauce masa a kauce. Sannan ka san iyakar abokinka na tasha ta biyu, ba kowace ƙwallo ta damanka ce taka ba, in ka cika zari ka bi wadda shi zai ɗauka cikin sauƙi ka bar tasha ba kowa.

Sai fitar da mutum biyu a bugu ɗaya. Akwai mai gudu a ta farko, aka bugo maka ta ƙasa, ka ɗauka ka jefa ta biyu wa ɗan tsakiya, ka juyo da gudu ka karɓi wadda zai dawo maka da ita. A takardar lissafi 3-6-3 ake rubuta shi, don mai tsaron ta farko lamba 3 ne ɗan tsakiya lamba 6. Anan bahago yake da riba, jikinsa dama a buɗe yake ta wajen tasha ta biyu, badame kuwa sai ya juya tukuna. Ka kula kar ka daki bayan mai gudu, ka nemi layin da ba ya kai, ta ciki ko ta waje gwargwadon inda ka kama. Kuma ga wata doka da take rikita yara: in ka fara taka tasha ta farko kafin ka jefa, to mai gudun can ba dole ne ya je ta biyu ba kuma, don haka taka tasha bazai fitar da shi ba, sai an taɓa jikinsa da ƙwallo. Dole ka ɗaga murya ka faɗa wa ɗan tsakiya ya taɓa shi.

Riƙe mai gudu shi ma aiki ne. In akwai mutum a tasharka kuma ta biyu ba kowa, zaka dangana ƙafar dama da gefen tasha, ka miƙa wa mai jifa safa a matsayin wurin aunawa, in ya juyo ya wurgo ka kama ka saukar da safar kai tsaye gaban tashar, hannun mai gudu da kansa zai zo ya same ta, ba sai ka bi shi ba. Da zarar kuma mai jifa ya saki ƙwallo zuwa gida, ka yi taku biyu a gicciye ka fita ka zama mai tsaro. Ga kuma ɗan dangwalen nan da mai bugu yake yi, ya tara kulki kawai ƙwallo ta faɗi kusa, dole ka rugo ciki. Wanda ya fi kowa suna a wannan shi ne Keith Hernandez, mai Safar Zinare 11, wato kyautar gwanin tsaro ta shekara, ka nemi nasa bidiyon shi ma. Haka nan in an jefo daga can dama ko tsakiyar bayan fili zuwa gida, kai ne zaka tsaya a tsakani kana sauraron mai kamu, wanda yake tsugune a bayan mai bugu, ya ce ka tare ko ka bari.

Bugu irin na mai haƙuri

A al'adar besbol ana sa ran mai tsaron tasha ta farko ya zama ƙaton da yake tsallake katanga sau 35 ko 40 a kaka. Olerud bai taɓa wuce 24 ba. Abin da yake da shi shi ne ido da haƙuri da lilon kulki gajere mai santsi. Ka san in mai jifa ya jefa huɗu a waje da gurbi, wato wurin da ake auna jifa a saitin gida, baka kai musu bugu ba, kyauta zaka wuce tasha ta farko, in kuma ya kama ka sau uku, wato ka kai bugu ka kuskure ko ka ƙyale wadda ta bi ta cikin gurbi, ka fita. Olerud ya wuce kyauta sau 1,275, an fitar da shi ta wancan hanyar sau 1,016. Ɗan wasan da na farkon ya fi na biyun yawa a tsawon shekaru haka ba kasafai ake samunsa ba, balle yanzu.

In zaka kwaikwayi wannan, ka fara da sanin gurbinka. Ka tsaya wajen bugu ba tare da ka lilo kulki ba, wani yana jefowa, kai dai ka riƙa faɗin ciki ko waje kafin ta wuce, har idonka ya saba. Sannan kafin a kama ka ko sau ɗaya, ka zaɓi wuri guda da kake jira, in bata zo nan ba ka ƙyale ta ko da tana cikin gurbi. Sai an kama ka sau biyu sannan ka faɗaɗa ka kare kanka. Kai ya tsaya cak, taku ya zama gajere, hannuwa su bi gajeriyar hanya zuwa ƙwallo, kuma ka buga ta inda aka jefo ta: ta kusa da jiki ka ja ta gefenka, ta nesa ka bar ta ta ƙara shigowa ka tura ta ɗaya gefen. Ka ɗora ƙwallo a kan sandar atisaye kana canza mata wuri, kana auna ratar dake tsakanin masu tsaron baya. Ta wannan ratar Olerud ya tara bugu mai kai wa tasha ta biyu har 500 cif.

Kakar 1993 ita ce ta nuna iyakar abin. Har farkon watan Agusta yana sama da .400, lambar da ba wanda ya gama kaka da ita a rukunin Amurka, ɗaya daga cikin rukunoni biyu na babbar gasa, tun Ted Williams a 1941. Ya ƙare da .363, ya zo na ɗaya a rukunin Amurka, da bugu 200, mai tasha biyu 54, ya shigo da maki 107, kuma sau 33 masu jifa suka ba shi hanya da gangan don gudun sharrin kulkinsa. Abokansa Paul Molitor da Roberto Alomar su suka zo na biyu da na uku, Toronto kuma ta sake ɗaukar kofin zakarun babbar gasa, wato World Series, bayan na 1992. Duk da haka na uku ya zo a zaɓen gwarzon shekara, Frank Thomas ne ya ɗauka.

Bayan nan ne aka matsa masa a Toronto ya riƙa jan ƙwallo don ya ƙara tsallake katanga, lambobinsa suka sauka, ana ma ajiye shi a benci in bahago ne zai yi jifa, ga Carlos Delgado yana tasowa yana buƙatar wurin. A Disamba 1996 aka miƙa shi ga Mets aka karɓi mai jifa Robert Person, har da kuɗi Toronto ta ɗora a kai. Da ya koma salonsa sai ga .354 a 1998, wanda ya zama tarihi a ƙungiyar Mets. In kana horar da yaro ka ga yana da ido da lilo mai tsafta, don Allah kar ka lalata shi da neman ƙarfin da ba nasa ba. Amma 1998 ɗin ita ce shekarar da Mark McGwire ya tsallake katanga sau 70, Sammy Sosa 66, to wa zai tsaya kallon mai 22?

Yadda zaka auna irin wannan ɗan wasa

Kar ka fara da yawan tsallake katanga, shi 255 ya yi, kuma in nan ka tsaya zaka ce ɗan wasa ne na tsaka-tsaki. Ka fara da lambar dake nuna sau nawa mutum yake isa tasha ta kowace hanya, bugu ko kyauta, saboda a besbol ba agogo ne yake ƙare wasa ba, fitar da mutum 27 ne, duk wanda ba'a iya fitar da shi da sauƙi yana tsawaita wa ƙungiyarsa rai. Ta Olerud .398 ce a duk rayuwarsa ta wasa, wato kusan sau 4 cikin 10, a 1993 ma .473 ce. Ka haɗa da matsakaicin bugu .295, bugu 2,239, da maki 1,230 da ya shigo da su. Ma'aunin zamani da yake haɗa bugu da tsaro da gudu ya ƙiyasta nasarorin da ɗan wasa ya ƙara wa ƙungiya ya ba shi wajen 58, kuma akwai waɗanda suke zauren girmamawa na Cooperstown da basu kai haka ba.

Kyaututtuka ma ka yi hattara da su. Safar Zinare uku ya samu, 2000, 2002 da 2003, duk bayan ya koma gida Seattle Mariners, ƙungiyar da ta ci wasa 116 a 2001 yana tsaye a tasharta ta farko. Shekarunsa uku a Mets J.T. Snow ne yake kwashewa. Kuma don ka ga yadda zaɓen yake a lokacin, a 1999 an ba Rafael Palmeiro wannan kyauta a rukunin Amurka alhali wasa 28 kawai ya tsaya a tashar duk kakar. Wasan taurari sau biyu kacal aka kira Olerud, 1993 da 2001. Ya ƙarasa da Yankees a 2004 da Boston Red Sox a 2005, kuma sai a wannan shekarar ta ƙarshe ya fara buga wasa a ƙaramin rukuni, na 'yan kwanaki kafin Boston ta hawo da shi. Da sunansa ya fito a zaɓen Cooperstown a 2011, ƙuri'a 4 ya samu, kashi 0.7 cikin ɗari, ana buƙatar kashi 5 don sunanka ya sake fitowa baɗi, 75 don ka shiga. Sau ɗaya aka duba shi aka rufe. Ni dai har ga Allah ina ganin ko ba'a shigar da shi ba ya cancanci a yi shekaru ana muhawara a kansa. Wasan jami'o'i ne ya riƙe shi da daraja, tun 2010 kyautar ɗalibin da ya fi iya haɗa jifa da bugu sunansa take ɗauke da shi.

Ka samu cikakken wasa guda na Mets na 1999 ko na Seattle na 2001, cikakke fa, ba guntayen da aka tsinto ba, ka ɗauki takarda da biro. Duk jifan da aka yi zuwa tasha ta farko ka ja layi, in ya zo daidai ƙirji ka bar shi haka, in ya daki ƙasa ko ya yi sama ko ya karkace amma aka fitar da mutum ka zagaye shi. Duk zuwansa bugu kuma ka ƙirga ƙwallo nawa ya sa mai jifa ya jefa kafin a rabu. Sai ka sake yin haka da wani mai tsaron tasha ta farko na ƙungiyar da suke karawa da ita a wasan, ka ajiye takardun biyu gefe da gefe.